Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Kano: awa ɗayan da ke tsakanin bakin titi da gadon asibiti

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Ina so Kwamishinan Lafiya da Kwamandan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa reshen Kano su ma su ji, domin maganar ta ratsa ta ofisoshinsu. Amma kai na nufa, don wuƙa da nama a hannunka suke.

Ni tsohon malamin asibiti ne. Kusan duk shekarun aikina a ƙananan asibitocin karkara na yi su, da na ajiye aiki kuma na buɗe ɗan shagon magani a bakin titin Kano zuwa Zariya. Daga kan bencina nake jin ƙarar burki, har na iya bambance wadda za ta ƙare da zage-zagen direbobi da wadda za ta ƙare da salati.

Ranar Asabar 31 ga Mayun 2025, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasanmu ta faɗa ƙarƙashin gada a yankin Ciromawa da Dakatsalle. Daga Abeokuta suke, inda aka yi Gasar Wasanni ta Ƙasa. Sun kwana suna tafiya, sun ci wajen kilomita 1,000, abin da ya rage musu su hango Na'ibawa bai kai awa ɗaya ba. Mutum 22 muka rasa, 'yan wasa da masu horar da su da jami'an tawaga. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce gajiya da gudu take zargi. An ba da hutu ranar Litinin, an yi jana'iza, manya sun yi ta sintirin ta'aziyya. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyayensu haƙuri.

Ba shari'ar wannan ranar na zo yi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, duk lokacin da irin wannan ta faru, sai a yi ta maganar direba, a yi maganar titi, a yi maganar tsufan mota, a yi maganar diyya. Duk magana ce mai kyau. Amma akwai awa ɗaya da ke biyo bayan ƙarar, daga lokacin da ƙura ta lafa zuwa lokacin da hannun likita ya taɓa mutum, kuma ita ce ba na jin ana tsayawa a kanta. A cikinta na ga rayuka da yawa sun fita waɗanda, a iya sanina na aiki, ba raunin ne kaɗai ya kashe su ba.

Masu rasuwa a haɗarin mota kashi uku ne. Akwai wanda nan take rai ya yi halinsa, ko da a ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano abin ya faru ba abin da za a iya yi masa. Akwai wanda sai bayan kwanaki, ciwo ya ruɓe ko ƙoda ta tsaya. Sai na tsakiya: wanda yana da rai lokacin da aka zaro shi daga mota, amma harshensa ya koma ya toshe masa numfashi, ko jini yana tsiyaya daga cinyarsa ba wanda ya danne, ko saifarsa ta fashe yana zubar da jini ta ciki alhali a waje ko ƙwarzane babu. Baligi jininsa gaba ɗaya wajen lita biyar ne. Karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya shanye fiye da lita ɗaya ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, ta ƙugu kuwa ta fi haka. Waɗannan na tsakiya su ne nawa, su na zo yi wa magana.

To wa yake fara isa gare su? Ranka ya daɗe, ba likita ba ne, ba motar asibiti ba ce, sau da yawa ma ba mai kaki ba ne. Mai shayi ne da mai faci, da ɗan acaɓa, da 'yan kamasho, da masu lodin tumatir a Kwanar Gafan, da manomin rani da ya yar da fartanya a Kadawa ya sheƙo da gudu. Mutanen nan ba su da ƙyashin taimako. Na ga wanda ya tuɓe rigarsa ta Juma'a ya yayyaga don a ɗaure rauni. Zuciya akwai. Sanin yadda za a yi ne babu, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu.

Bari in ba ka labarin wani dattijo. Da yamma ne, lokacin hunturu, wata bas mai cin mutum goma sha takwas ta fashe taya ta yi ta ƙundumbala har cikin gona. Kafin in kulle shago in isa, jama'a sun riga ni. Na tarar da dattijon a maƙale tsakanin kujeru, idonsa biyu, yana magana sarai, yana cewa wuyansa ne ke masa ciwo, a bi shi a hankali. Ina motsa masa yatsun ƙafa yana ji. Na juya in nemo abin da za a shimfiɗe shi a kai, ko da ƙyauren shago ne, kafin in dawo samari huɗu sun kama shi, biyu hannu biyu ƙafa, kansa yana reto kamar na ragon da aka yanka, sun jefa shi bayan a-kori-kura, sun jingina shi a zaune don a samu wurin wasu. Wani bawan Allah kuma ya ɗago masa kai yana ɗura masa ruwan leda yana cewa "sha, Baba, ka samu ƙarfi." Da na hau na sake taɓa yatsun, bai ji ba. Samarin nan har yau suna ganin sun ceci rai, kuma ban taɓa iya buɗe baki na gaya musu ba. Da an taɓa nuna musu sau ɗaya cewa mutum ɗaya ke riƙe kai da hannu biyu, sauran su mirgina jikin gaba ɗaya kamar gungume a kan katako, da wataƙila dattijon nan da ƙafarsa zai koma gida.

Abin da ya kamata mutumin bakin titi ya sani ba shi da yawa. A fara tare hanya daga nesa, don na sha ganin mota ta biyu ta zo ta afka wa masu ceto, musamman da dare. Ganyen da muke zubawa taku goma daga wurin ba ya tsayar da tirela mai lodi. A kashe injin, a kori mai sigari. Wanda ya suma yana minshari, a buɗe masa baki a cire abin da ya toshe, a kwantar da shi ta gefe ana riƙe da kansa. Inda jini ke zuba a danna da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kar a ɗaga ana leƙawa. In hannu ko ƙafa ce ta ragargaje jini yana tsartuwa, a ɗaure ta sama da raunin da rawani ko ɗankwali, a murɗa da ɗan itace har ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure. Kar a ba kowa ruwa, don yana iya shaƙe shi, kuma mai yiwuwa tiyata ke jiransa. Sai babban cikinsu, wanda ya fi wuyar shiga kai: mai ihu ba shi ne na farko ba. Wanda ke kururuwa yana kiran sunan uwarsa, numfashinsa lafiya lau. Wanda ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, gumi na keto masa, leɓensa ya yi fari, shi ne ke tafiya. Amma motar farko da aka samu, masu ihu da masu iya takawa ne ke cika ta, a bar mai shiru a ƙasa an lulluɓe shi da zani ana zaton ya cika.

Wannan duk karatun yini ɗaya ne. Ba ni na ƙirƙiro ba. A Gana, tsakanin 1998 da 2000, an tara direbobin haya fiye da 300 aka yi musu horon awa shida kacal, ba da allo da turanci ba, da gwadawa a jikin juna, da kayan da ake samu a kowace mota. Dalilinsu shi ne dalilina: direbobin ne ke kai yawancin masu rauni asibiti, ko an so ko ba a so ba. Mu kuwa a Kano mun fi su abin farawa. Muna da 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu, ga Red Cross, ga Hisbah, ga 'yan KAROTA, ga ƙungiyar direbobi a kowace tasha, ga 'yan sintiri a kowane ƙauye. Mutane ne da suka saba da layi da umarni, wasunsu ma sun riga sun san taimakon farko. Muna da makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya da ɗalibansu ke neman inda za su gwada abin da suka koya. Abin da ya rage a ce daga Tamburawa zuwa Kwanar Ɗangora kowane gari na bakin titi yana da mutum goma da aka horar, dagaci ya san su, jama'a sun san su, suna da riga mai ƙyalli da za a gan su da dare. A ajiye musu akwati a wurin da ba a kullewa, gidan mai ko masallacin bakin hanya: safar hannu, bandeji mai yawa, almakashi, tocila, katakon ɗaukar mutum guda biyu ko uku, abin tallafe wuya. Kuɗin wannan akwati bai kai na man ayarin motoci guda da ke zuwa ta'aziyya ba. A yi haka a titin Zariya, a ga yadda ta kaya, sannan a koma na Wudil, na Gwarzo, na Bichi, na Haɗeja da na Ɗambatta.

Rigar nan mai ƙyalli tana da wani amfanin. A wurin haɗari kowa shugaba ne, kowa na ba da umarni, rabin jama'a kuma sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar gawa da mai rauni a watsa a Facebook da WhatsApp, uwa ta ga ɗanta a waya kafin a zo a yi mata gaisuwa, na rasa sunan da zan ba ta. Ga kuma ɓata-gari masu laluben aljihu. In akwai mutum ɗaya da kowa ya san shi ne mai magana har jami'ai su iso, rabin wannan hargitsi zai kwanta.

Sai kira. Na gwada tambayar masu zama a shagona lambar da za su buga in haɗari ya faru a gabansu. Mafi yawa sai su ce za su kira wani ɗan'uwansu da ya san wani. Alhali akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, akwai 112 ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, duka kyauta. Hoton 'yan siyasa ya cika kowace gada da kowane turken wuta daga Kano har Zariya. A ba mu gefe guda a rubuta waɗannan lambobi da manyan baƙi, da boko da ajami. A kuma sa alamar kilomita a bakin titi, don mai kira ya iya faɗin inda yake. "Muna wajen wata gada bayan an wuce gidan mai" ba kwatance ba ne, kuma baƙon da ya fito daga Legas ko wannan ba zai iya faɗa ba. Wanda zai ɗauki kiran kuma ya zama yana jin Hausa.

Yanzu mu shiga asibiti, inda na fi sani, inda kuma nake da nawa kason na laifi.

Shekaru da dama da suka wuce, a wani ƙaramin asibiti da ba zan kama sunansa ba, ina aikin dare ni da wata ungozoma da mai gadi. Wajen ƙarfe ɗaya muka ji motoci suna shigowa da hon. Bas ce ta shige ƙarƙashin tirelar da ta lalace aka bar ta a kan titi ba fitila. Kafin minti ashirin baranda ta cika, mutum a kan mutum, jini har bakin ƙofa. Ba wuta. Janareta akwai, mai ne babu. Ledojin ƙarin ruwa suna cikin sito, makullin yana aljihun mai sito, mai sito yana gidansa a wani gari. Likita ɗaya ne, sai da aka tura ɗan acaɓa ya taso shi. Firjin jini kuwa ya daɗe da zama wurin ajiye takardu. Da tocila a baki na riƙa neman jijiya. Akwai wata matashiya da goyo, tana zaune a jikin bango, ba ta ce uffan ba, ba jini a jikinta ko kaɗan. Na haska ta, na ce wannan da sauƙi, na wuce wurin wani da fatar kansa ta ɗaye yana ta ihu. Na ɓata kusan rabin awa ina ɗinke shi. Da na waiwayo ta zame ta kwanta, cikinta ya kumbura ya yi tauri, jaririn yana ta laluben nono. Ni da na san mai shiru shi ne abin tsoro, ni ne ihu ya ja. Mun fasa ƙofar sito da taɓarya daga baya, aka kuma nemi a ba ni takardar tuhuma a kan ƙofar.

Na kawo wannan ne don in nuna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙaramin asibitin da aka tsara don masu zazzaɓi da masu haihuwa, in aka sauke masa mutum talatin a lokaci guda, ba zai iya ba, ko da ma'aikatansa waliyyai ne. Kuma shi ne za a fara kai wa, don shi ne a kusa; ranar haɗarin 'yan wasanmu ma asibitin Kura aka fara nufa kafin a wuce da wasu cikin birni. Saboda haka duk asibitin da ke bakin babban titi a daina lissafa shi da sauran. A ba shi kabad guda na ranar tashin hankali, cike da ruwan ƙari da allurai da bandeji da robar da ake zura wa ƙirji, makullinsa a hannun wanda ke bakin aiki, ba a hannun mai sito ba, a riƙa duba shi duk wata ana cike abin da ya ƙare. A sa masa sola da za ta riƙe fitilar ɗakin tiyata da firjin jini. Jini ba ya son zafi, tsakanin digiri 2 da 6 ake ajiye shi, kuma bai fi sati biyar yake yi ba, don haka ba a tara shi a manta. Abin da ya fi sauƙi a karkara shi ne rajistar masu bayarwa: samarin gari da aka riga aka gwada jininsu aka san rukuninsa, lambobinsu suna manne a bango, in ta ɓaci a kira su ko a yi shela a lasifikar masallaci. Akwai kuma wata allura mai rage zubar jini da ake kira tranexamic acid, ba ta da tsada, amma sai an yi ta cikin awa uku na farko take amfani. Allurar da ke da wa'adin awa uku ba a cikin birni ya kamata ta zauna ba.

Sannan a koya wa ma'aikata tantancewa, a kuma riƙa gwadawa. Ja ga wanda zai mutu yanzu in ba a taɓa shi ba, rawaya ga wanda zai iya jira kaɗan, kore ga mai takawa da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga mu. Ko da zaren saƙa mai launi ne a ɗaura a hannu, ya wadatar. Sau biyu a shekara a yi atisaye, a kwantar da ɗalibai a baranda a busa usur a ga minti nawa za a ɗauka. Sojoji ba ranar yaƙi suke koyon harbi ba.

Daga nan sai rabo. Abin da muka saba shi ne a kwashi kowa a nufi Asibitin Murtala, a cika sashen gaggawa har ƙasa, alhali mai karaya asibitin ƙashi na Dala ya kamata ya nufa kai tsaye, mai raunin kai kuma inda ake da na'urar hoton ƙwaƙwalwa da likitanta, wanda kuma abin ya same shi can wajen Tashar Yari, asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya fi masa kusa a kan Kano. Ana buƙatar mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, dare da rana, da waya a gabansa, wanda ya san gado nawa ne babu kowa a kowane babban asibiti, shi zai ce wannan a kai shi can, wancan a kai shi nan, ya kuma buga ya ce ga su nan tafe a shirya. Iyakar jiha ba ta shafi mai zubar da jini ba, don haka wannan sai an zauna da Kaduna da Jigawa da Katsina. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta kama da wuta: fiye da mutum 150 a kwanakin farko, adadin kuma ya yi ta hawa a gadajen asibiti, wasu masu ƙunar har Kano aka kawo su. Abin da ya sami maƙwabci ranar, gadajenmu ya cika.

Motar asibiti kuma, don Allah a daina auna ta da yawan da aka saya aka yanka ƙyalle. Mota ce kawai mai jiniya in babu iskar oksijin a ciki, babu wanda ya iya aiki a bayanta, babu mai a tankinta. Na ga wadda aikinta ya koma ɗaukar gawa da kai ma'aikata biki. Gara guda huɗu masu rai, a girke su a inda aka san haɗari ya fi yawa, da arba'in da ke fake a sakatariya tayoyinsu sun sace. Haka abin yanka ƙarfe. Har yau da gatari da mai walda ake fito da wanda mota ta danne, wani lokaci ana yanka ana jin warin fetur. Almakashin ƙarfe irin na 'yan kwana-kwana ya kamata a ce akwai shi a kan wannan titi, ba sai an jira ya taso daga cikin gari ya ratso cunkoson Na'ibawa ba.

Na san za a ce kuɗi. To doka ta riga ta yi magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Dokar nan ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 nasa don jinyar gaggawa. A kan wannan aka gina shirin jinyar gaggawa da motocin asibiti na Gwamnatin Tarayya da ake kira NEMSAS, wanda manufarsa ita ce a yi wa mutum jinyar awa 48 na farko ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. A takarda ke nan. Amma ma'aikacin da ke tsaye a kan mai rauni ƙarfe biyun dare, in ya san duk ledar ruwan da ya buɗe ba a biya ba daga albashinsa za a cire, zai rubuta takarda ne ya ce a je a sayo. Wa zai sayo? Mutumin da aka kawo a sume, aljihunsa an riga an share, danginsa suna Gaya ko Ogbomosho ba su ma sani ba? Abin da nake roƙo shi ne umarni a rubuce, da sa hannunka, a manne a ƙofar kowane sashen gaggawa da Hausa: wanda aka kawo daga haɗari a fara yi masa aiki, gwamnati za ta biya, ga kuma wanda zai biya da ranar da zai biya. In asibiti ya ga ana mayar masa da kuɗinsa a kan kari, ba sai an yi masa barazanar ɗauri ba.

A haɗa da Kwamishinan 'Yan Sanda a cikin wannan umarni. Mutane da yawa suna wucewa su bar mai rauni a kwance ba don rashin imani ba, sai don tsoron a riƙe su a ce su ne suka buge shi, ko a ce ba za su tafi ba sai sun ajiye kuɗi, ko su yi sati suna zaryar ofis. Wanda ya ɗauko mutum a motarsa, kujerunsa suka ɓaci da jini, a karɓi sunansa in ya yarda, a yi masa godiya, a sallame shi.

Akwai wani abu ƙarami da ke ci mini rai: takardar sunayen fasinja. A tasha ana miƙo ta, kowa ya ja layi ko ya rubuta sunan ƙarya don ya gaji, ɗan kamasho ya karɓi kuɗinta ya cusa a aljihu, kwafin kuma ya tafi a cikin motar da za ta ƙone. Masu hawa a bakin hanya ko wannan babu. Sai a wayi gari da gawa a ɗakin ajiya ba mai ita, ga zafi, ga addininmu ba ya son jinkiri, a binne mutum a matsayin baƙo, uwarsa tana can tana cewa ya tafi ci-rani bai kira ba. Wannan ƙungiyar direbobi za ta iya gyara shi cikin sati guda in an ce mata dole ne: suna, lambar wani na gida, a ɗauki hoton takardar da waya kafin mota ta tashi.

Ban manta da direba ba. Mutum ɗaya ba zai riƙe sitiyari daga kudu maso yamma har Kano ba barci a ce goro da shayi mai ƙarfi za su riƙe shi, balle abin da ya fi su. Doka ta ce bas kar ta wuce kilomita 90 a awa a kan babban titi mai tagwayen hanya, an kuma fara tilasta na'urar taƙaita gudu tun 2017. Titin Zariya da ya yi sumul yanzu ya ƙara wa masu ƙafa nauyi ƙarfin gwiwa. Gwamnati ta fara da kanta: duk motar da za ta ɗauki tawagar jiha, 'yan wasa ne ko ɗalibai ko maniyyata, direba biyu, kuma a kwana a hanya a kan katifa. Amma wannan wasu sun faɗa sun fi ni iya faɗa.

Za a ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da haka, ni ma da shi nake rarrashin kaina a kan matashiyar nan mai goyo. Sai dai wanda ya koya mana imani da ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Sito a kulle da firji ba jini ba ƙaddara ba ce, aikin hannunmu ne.

Ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Irina tsofaffin malaman asibiti da ungozomomi da muka ajiye aiki muna nan da yawa a garuruwan bakin titi, hannunmu bai manta ba. In an tashi horon nan a neme mu ta wurin hakimai da dagatai, ba sai an kai mu otal an ba mu jaka da alawus ba. Ni dai na riga na fara da waɗanda ke kusa da ni: mai shayi, da mai faci, da 'yan acaɓa shida, ranar Laraba bayan la'asar a ƙofar shago, da tsohon ƙyaure muke gwada ɗaukar mutum. Katako na gaske da abin tallafe wuya muke nema.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin asibiti,
daga bakin titin Kano zuwa Zariya.